Kawu Ya Bar Mace a Cikin Rijiya

Kawuna ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, jikoki, ƙanwa ɗaya wadda ita ce mahaifiyata, tsohon keke, da wata mace a ƙasan rijiya. Iyalin an san yadda za a yi da su. Keken ma akwai mai so. Macen ce ba wanda ya san yadda za a yi da ita, domin ba mutum ba ce mai jini da tsoka. Likita ce a cikin wani dogon labari da Kawu ya ƙirƙira da bakinsa, ni kuma nake ɗauka a waya ina sayarwa. A kashi na ƙarshe da muka ɗauka ya zura ta cikin rijiya da igiya, kafin ya fito da ita ciwo ya kama shi. Akwai kuma wani manomi da ya ɗaura ransa a kan fitowarta. Saboda shi nake wannan rubutu, da kuma don kada a manta da Kawu.

Zaman makokin da aka yi a gidansa na Sabon Gari, nan Gusau, iri biyu ne a rumfa ɗaya. Kawu Kirista ne, mahaifiyata Inna kuwa ta musulunta tun tana budurwa. Mutanen coci suna kan kujerun roba suna waƙoƙinsu, mu 'ya'yan Inna da surukai muna kan tabarmi muna cewa Allah ya ba da haƙuri. Wannan ba sabon abu ba ne a gidanmu, haka muke biki, haka muke suna. Abin da ya ba Mama, matar Kawu, mamaki shi ne baƙin fuskoki. 'Yan kabu-kabu sun zo sun jera babura a bakin titi. Teloli sun zo. Wasu mata sun taso tun daga Ruwan Bore da ƙwaryar gero da kaza.

Mama ta jawo hannun rigata ta ce, "Alhaji, su waye waɗannan? Ni ban san yana da dangi a Ruwan Bore ba."

Na ce, "Masu sauraro ne, Mama."

Kowa sai ya gama gaisuwa, sannan ya yafito ni gefe. Wani tela ya ce, "Ka yafe ni, Alhaji, na san ba lokacinsa ba ne. Amma bai faɗa maka ba?" Ɗaya daga cikin matan Ruwan Bore ta yi kuka har aka zaci 'yar'uwa ce, da aka ba ta haƙuri ta ce, "Ya tahi ya bar baiwar Allah cikin duhu!" Har faston cocinsu, wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya ce bai kamata dattijon coci ya riƙa cuɗanya littafi mai tsarki da tatsuniya ba, ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya rage murya.

"Ba don ni ba, matata ce ke tambaya. Ta fito kuwa?"

Na ce, "Ka gaya wa madam ban sani ba."

Manomin kaɗai bai tambaye ni komai ba ranar farko. Ya zauna can ƙarshen tabarma da ƙaramin rediyonsa a kan cinya, bai kunna ba.

Ni ɗan kasuwa ne. Da faranti na fara, ina tallar batir da ƙwan tocila a tasha. Yau ina da shago a Gusau, ina kai rediyo mai cin memori da fitilun sola kasuwar Tsafe da ta Bungudu, ina kuma tura wa mutane karatu da wa'azi da labarai a memori. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san abin da ke tafiya da abin da ke kwantai. Na saba in abu ya ƙare a nan, in nemo shi a can. Ban taɓa neman abu na rasa hanyarsa gaba ɗaya ba sai a kan Kawu.

Daga ƙasar Zuru ya zo Gusau yana saurayi, ya kama aiki a ma'aikatar ruwa, sashen awo, daga baya ya ɗauko ƙanwarsa. Da Inna ta ce za ta musulunta ta auri mahaifina, dangi a gida suka ce ba su ba ita. Kawu ne ya saya mata tukunya da tabarma, ya raka ta har ƙofar ɗakin miji, ya ce wa mahaifina, "Ga ta nan. In ta yi kuka a gidan nan zan ji, ba nisa tsakaninmu." A bayan ɗakinsa akwai buta da darduma da ba mai taɓawa, na 'ya'yan ƙanwarsa ne. In azumi ya zo muka je gidan da rana, sai ya ture kwanon abincinsa ƙarƙashin kujera ya ce shi ma bai jin yunwa, alhali ga miya a gemunsa.

Kalmarsa ɗaya ce, duk wanda ya san shi ya san ta: "Ka gwada?" Ka ce masa maganin nan yana aiki, ka gwada? Ka ce akwai aljani a tsamiyar bayan makaranta, ka gwada? Ranar da na fara talla shi ne ya fara sayen batir a farantina, amma sai da ya sa harshe a kan kowane ɗaya. Ba ya shan ruwa sai ya ɗaga kofin ya duba a haske ya sansana, ko da a gidan biki ne, Mama tana zungurinsa. Kuma duk bayanin da zai yi da "wato" yake farawa. Wato kaza, wato kaza. Muna yara in muna kwaikwayonsa, abin da muke faɗi ke nan.

Duk da haka mutum ne mai imani ƙwarai. Bai taɓa ganin awo da addu'a suna faɗa ba. Yakan ce Allah ya ba shi kwalba da ma'auni don ya san inda iyakarsa take, abin da ya wuce nan sai ya cire hula. Akwai abu ɗaya a littafinsu da ya hana shi sakat tun yana aiki. Annabin nan da ya raba teku da sanda ya kai jama'arsa wani wuri a hamada, suka iske ruwa mai ɗaci, ba ya shawuwa. Aka nuna masa wani itace ya jefa a ciki, ruwan ya yi daɗi. Ba a faɗi sunan itacen ba.

"Wato, ɗan ƙanwata, me ya sa aka ɓoye sunan?" in ji shi. "Ni da na yi rayuwata ina ganin ƙauyukan da rijiyarsu ba ta shawuwa. In itacen ne ke da sirrin, yana nan a wani daji. In ba itacen ba ne, to wanda ya nuna shi ne. Ina so in san wanne ne."

Daga wannan tambaya labarin ya fito. Bayan ya yi ritaya ya fara ba jikokinsa shi a tsakar gida. Wata Lahadi na je gaisuwa na tsaya ina ji, har shayina ya huce. Na ce, "Kawu, wannan kaya ne." Ya ce, "Kai komai kaya ne, Dillali." Amma ya yarda. Muka riƙa ɗauka duk Lahadi bayan ya dawo coci, a ɗakinsa, mu jingina katifa a taga saboda ƙarar babura. Zakaran Mama yana cikin kusan kowane kashi, har masu saye suna tambayar lafiyarsa.

Labarin wani gari ne da rijiyarsa ta wayi gari da ɗaci, yara suna ta ciwo. Aka turo wata likita daga birni ta auna. Duk ruwan da ta ɗiba a kwalba, kafin ta isa ɗakin awo ya koma mai garɗi, na'ura ta ce lafiya lau. Ta dawo ta ɗanɗana a bakin rijiya, ɗaci kamar maɗaci. Ga wasu mutane masu baƙaƙen motoci da ke son garin ya tashi saboda abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa. Ga wani makahon mai gadin coci da ke riƙe da guntun itace da ya gada, wanda ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, ba kuma wanda ya san bishiyarsa. Likitar ba ta yarda da komai ba sai abin da ta auna. Limamin garin da makahon suna zama inuwa ɗaya suna gardama a kanta. Mutanenmu Musulmi sun saya fiye da 'yan coci, domin kowa a ƙasar nan ya san rijiyar da ta lalace, ya kuma san baƙin da ke son mutane su tashi daga gonakinsu.

Wahalar aiki da Kawu ita ce ba ya sa abu a labari sai ya gwada. Ba zai ce abu mu'ujiza ne ba sai ya kore duk wani dalili na duniya. Da zai zura likitar cikin rijiya, sai da ya sa na kai shi wata tsohuwar rijiya a bayan Bungudu, ya ɗaure fitilar ƙwai a igiya ya zura. Tana yin nisa ta mutu.

"Ka gani? Wannan ba aljani ba ne, iskar ƙasan ce ta lalace. Inda wuta ba ta ci, mutum ma numfashinsa ƙidayayye ne. To yanzu gaya min, tocila mai sabon batir iska na kashe ta?"

Na ce, "Ba ta kashewa. Sai dai in batirin jabu ne."

"Irin wanda kake sayarwa?"

"Kawu, ni ban taɓa sayar maka da jabu ba."

"Ni ka ce. To zan ba likitar fitila da tocila. Ta ƙwai in ta mutu, ilimi ya san dalili. Tocila in ta mutu, a nan za mu cire hula."

Daga rijiyar nan muka ɗebo jarka guda, don ruwanta ɗaci gare shi da gaske. Ya jera kwalaben lemo a ɗakin ajiya, kowace ya ɗiga mata jan fenti a wuya don kada ta haɗu da na Mama. Ya zuba ruwan, ya sa wa kowace reshen itace dabam. Duk kasuwar da na je sai na dawo masa da ƙirare: zogale, marke, sabara, aduwa, kalgo, magarya, da wasu da ni ban san sunansu ba. Bai rubuta komai a jikinsu ba, ya ce ya san 'ya'yansa. Ya ce ƙarshen labarin yana cikin kwalaben nan. In wani itace ya gyara ruwan, likitar za ta fito ta wata hanya. In babu wanda ya gyara, ta wata hanyar dabam ce, ko kuma ba za ta fito ba.

Haka muka ɗauki kashin ƙarshe. Likitar ta sauka da guntun itacen makaho a ɗaure a bayanta. Fitilar ƙwai ta mutu. Ta kunna tocila, ita ma ta mutu. Masu baƙaƙen motoci sun doso gari. A cikin duhun ta ji an kira ta da sunan da mahaifiyarta, wadda ta daɗe da rasuwa, kaɗai ke kiranta da shi. Kawu ya tsaya nan.

A kasuwar Tsafe manomin ya same ni. Dattijo ne daga wani ƙauye a bayan 'Yankuzo, ya daɗe yana sayen labarin kashi-kashi. Ya jira masu ciniki suka ragu, ya tsuguna gaban teburina.

"Alhaji, likitar nan ta hito?"

Na ce, "Sai wani satin, Baba."

Ya ce, "Ɗiyata na daji. A gona sunka ɗauke ta, ita da wasu. Mun sai da abin da za mu iya saidawa, an kai, ba su sako ta ba." Ya juya rediyon a hannunsa. "Uwatta ba ta cin abinci sai an kunna mata wanga labari. Ni kau na ƙulla a raina, in wagga ta hito, tawa ma za ta hito. Na san ba hankali ba ne. Ka dai gaya ma mai labarin."

A kan wannan muka yi faɗa da Kawu, faɗa na gaske, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Na gaya masa zancen manomin, na ce ya fito da ita wannan Lahadin, ko ta wace hanya.

Ya ce, "Ban san yadda za ta fito ba tukuna."

"Kai ka sa ta a ciki, Kawu! Ka ce an ja igiya ta fito, shi ke nan. Wa zai kai ka ƙara?"

"Wato in yi masa ƙarya."

"Labarin duka ba ƙarya ba ne?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ƙirƙira ce, ba ƙarya ba. Ban taɓa gaya musu abin da ni ban yarda da shi ba, shi ya sa mutumin nan ya jingina da shi. In na fito da ita don tausayi zai ji a muryata. Sannan in 'yarsa ba ta dawo ba, na kwashe masa abu biyu."

Na ce shi yana wasa da kwalabe mutane suna mutuwa. Ya ce ni ban san bambancin labari da batir ba. Mama ta leƙo ta ce in za mu yi dambe mu fita waje, ta share ɗakin. Da zan tafi ya biyo ni har bakin mota ya dafa ƙofa.

"Ɗaya daga cikin kwalaben ta yi wani abu," in ji shi. "Ba zan faɗa ba sai na maimaita. Ka ce wa mutumin ina yi wa 'yarsa addu'a da sunanta in ya yarda ya aiko min da shi. Ka zo Lahadi."

Na nemi manomin ya ba ni sunan, na aika masa. Kafin Lahadin Kawu ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Bai mutu a lokacin ba, ya yi makonni. Idonsa garau, yana gane kowa, yana jin duk abin da aka faɗa. Maganar ce ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa. Ka gaishe shi, ya ce, "Wato." Ka tambaye shi ina ke ciwo, "Wato, wato." Ya buɗe baki kamar mai shirin dogon bayani, ya ɗaga hannun hagu, sai kalmar nan ta fito ita kaɗai ta tsaya.

Na yi duk abin da ɗan kasuwa ya iya. Na kai shi asibiti a nan, na kai shi wani a Sakkwato, na nemo maganin da aka ce babu. Na ba shi biro a hannun hagu, ya yi zane kamar tafiyar tururuwa ya jefar. Na ce to ya gyaɗa kai kawai. "Kawu, ta fito?" Ya gyaɗa. Raina ya yi fari. Sai na tuna da halinsa, na gwada ta ɗaya gefen. "Kawu, ta mutu a ciki?" Ya gyaɗa. Likita ya ce haka ciwon yake, e da a'a ma sun cakuɗe masa. Na ɗauko kwalaben ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa a gabansa. Ya ce wato a kan ta zogale, ya ce wato a kan ta marke, ya ce a kan wata da ban san itacenta ba, sannan hawaye suka zubo masa. Mama ta karɓe kwalbar daga hannuna.

"Ya isa, Alhaji. Ka bar min mijina ya huta."

Wata rana da la'asar matan coci suka zo dubiya suka ɗauki waƙa. Ina zaune a bakin ƙofa sai na ji murya ta namiji ta shiga cikinsu. Kawu ne. Yana rera waƙar baiti bayan baiti, kowace kalma a wurinta, ba gargada. Mama ta zube ƙasa. Matan suka ce mu'ujiza. Da na tambayi likita ya ce an san da haka, inda magana take a ƙwaƙwalwa dabam, inda waƙar da aka haddace take dabam, ciwon ya ci ɗaya ya bar ɗaya. Na so a ce Kawu na da bakin da zai yi gardamar nan, don irin abincinsa ne: ga dalili na ilimi, ga kuma wurin cire hula, a jikinsa shi kansa.

Ni dai hanya na gani. Na roƙi Mama ta riƙa yi masa amon waƙar da hanci, ba kalmomi. Na kunna waya na durƙusa gaban gadon na ce, "Kawu, kada ka faɗa, ka rera. Rera min yadda ta fito." Ya gane. Na ga ya gane. Ya ja numfashi, ya kama amon, kalma ta farko ta fito wata iri, ba ta waƙar ba, kamar zai ce igiya. Daga nan bakinsa ya zame ya koma tsohuwar hanya, ya rera waƙar cocin har ƙarshe yana kuka, yana dukan katifa da hannun hagu. Muka sake, haka. Ban ƙara tambayarsa ba. Na riƙa zuwa ina zama kawai, in yanke masa farce, in ba shi labarin kasuwa. Da safiyar wata Talata ya cika, Inna na riƙe da hannunsa ɗaya, Mama na riƙe da ɗayan.

Kwalaben su ne abin da ya rage min. Na yi niyyar bayan makoki in kai wa tsofaffin abokan aikinsa su auna, ko a gane wadda ta yi wani abu. A rana ta biyu ta zaman, da zafi ya yi zafi, aka miƙo min zoɓo mai sanyi. Sai da na sha rabi na ga ɗigon jan fenti a wuyan kwalbar. Na tashi na shiga cikin gida. Matan da ke girki sun rasa abin zuba wa baƙi zoɓo, suka buɗe ɗakin ajiya suka ga kwalabe da ruɓaɓɓen ruwa da ƙirare. Suka zubar a kwata, suka wanke tas da omo, ƙiraren kuma suka tura a murhu. Aikin kirki suka yi. Ba wanda ya gaya musu.

Na nuna wa Mama kwalbar. Ta karɓa ta duba fentin, ta kurɓa, sai ta fashe da dariya tana hawaye.

"To ga shi, ruwansa ya yi zaƙi," in ji ta. "Sai da ya tafi."

Maƙwabcin shagona mai gyaran waya ya kawo shawara. Ya ce yanzu akwai na'urar da in ka ba ta muryar mutum za ta faɗi duk abin da ka rubuta da muryarsa, ba mai ganewa. In samu wani ya tsara ƙarshen, a fito da likitar, kowa ya huta. Ba zan ɓoye ba, ta fuskar ciniki shawara ce mai kyau, kuma na yi tunanin manomin. Na kai wa Mama maganar. Ta ce, "Mutumin da ko ruwa ba ya sha sai ya duba, shi za ka sa wa magana a baki yana kabari?" Ban sake tayar da zancen ba. Ko ba ta hana ba, ban ga yadda zan miƙa wa mutum kaya ina sane da cewa jabu ne ba.

A rana ta uku, da jama'a suka watse ana naɗe tabarmi, manomin ya matso. Hanyar da ya biyo ya zo Gusau ba hanya ce da ake bi don nishaɗi ba. Ya yi min ta'aziyya yadda ya kamata, ya ce mamacin mutumin kirki ne ko da bai taɓa ganinsa ba. Sannan ya ce, "Mi yac ce maka?"

Na ce, "Bai faɗa ba, Baba. Na tambaya ta kowace hanya."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya dubi ƙasa. "Alhaji, kai ɗansa ne. Ka ce min ta hito. Ko ba gaskiya ba ne, in kai ma uwatta."

Na taɓa sayar da fitila ga wanda ya zo sayen rediyo. Baki ne sana'ata. Amma na buɗe shi a gaban mutumin nan na rasa abin da zan sa a ciki. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba. Abin da na sani, ya karɓi sunan 'yarka, kuma matarsa ta ce yana ambatonta a addu'a har ranar da ya faɗi."

Sai ya kunna rediyon, ya matsar da shi zuwa ƙarshen kashin, wurin da ya haddace. Muryar Kawu ta fito a tsakar rumfar makokinsa, zakaran Mama na cara a bayanta. Tocila ta mutu. An kira sunan. Sannan jimlar ƙarshe, wadda ni da na ɗauka da hannuna ban riƙe ta ba: "A sama kuwa, mutanen gari suna riƙe da igiya, hannuwansu na jini, ba wanda ya saki. Wato, bari mu tsaya nan."

Manomin ya kashe rediyon ya sa a aljihu.

"Ba su saki ba," in ji shi. "To shi zan gaya mata."

Ya nemi takalmansa ya tafi, don ya samu motar Tsafe da sauran rana.

Har yanzu ina sayar da labarin. Duk wanda ya zo saye ina gaya masa tun kafin ya miƙo memori cewa ba shi da ƙarshe, mai shi ya rasu. Wasu su fasa, yawanci su ce a tura hakanan. Butar tana nan a bayan ɗakinsa, Mama ta ce ba mai ɗauke ta. Allah ya ba ta haƙuri, ya ba Inna, wadda yanzu ba ta da wanda ya san ta tun tana yarinya.

In na zauna lissafi, ga abin da ke hannuna: muryarsa tana ba da labari, muryarsa tana rera waƙar da ba ita na roƙa ba, da kwalba ɗaya mai jan fenti da na hana a mayar. Ga abin da ya tafi: sunan itacen, in ma akwai shi, da hanyar fitowar likita, da mutumin da zai tambaye ni ko na gwada. Manomin yana zuwa teburina duk ranar kasuwar Tsafe. Ya daina tambaya. Ya gaishe ni, in gaishe shi, in ce ina labarin gida, ya ce, "Muna riƙe." Har ranar da nake rubuta wannan, 'yarsa ba ta dawo ba.